Ƙaramin jirgin yawon buɗe ido a Galapagos: jagorar ta fi jirgin daraja

Mai niyyar zuwa tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado zaɓi biyu ne a gabansa: ko ya kama otal a gari irin Puerto Ayora yana fita da safe ya dawo da yamma, ko ya shiga jirgin ruwan da zai zame masa ɗaki da abin hawa gaba ɗaya. Ni jirgi na zaɓa, irin mai ɗaukar fasinja 16, na wani ƙaramin kamfani da ke tsibirin Santa Cruz. Jirgin tsaka-tsaki ne, abinci ba laifi, amma jagorar da aka haɗa mu da ita ta ci kuɗinta har da ƙari.

Tun kafin a taka jirgin aljihu ke fara jin jiki. Tsibiran suna nesa da gaɓar Ekwado da kusan kilomita 1,000, sai an hau jirgin sama daga Quito ko Guayaquil. Kafin a tashi za a biya dala 20 ta katin shiga, a binciki jaka ko akwai iri, 'ya'yan itace ko ƙasa maƙale a takalmi. Ana sauka a tsibirin Baltra sai dala 200 kuɗin shiga gandun dajin gwamnati, wanda dala 100 ne kafin watan Agustan 2024. Wannan ba laifin kamfani ba ne. Abin da ya sosa mini rai shi ne kuɗin hayar rigar ninƙaya da ambulan ɗin tukwicin ma'aikata, waɗanda aka cusa a ƙasan takardar yarjejeniya da rubutun da sai an ƙura ido. Ma'aikatan sun cancanci tukwicin, amma a faɗa wa mutum tun farko ya san da nawa zai fito.

Ɗakina yana ƙasa, kusa da inji. Da yake da dare ake tafiya daga wannan tsibiri zuwa wancan, barci sai dai na sata. Daga Yuni zuwa Nuwamba teku kan yi sanyi ya yi ta tambal-tambal, don haka mai saurin jiri ya nemi magani, ya kuma nace a ba shi ɗakin da ke nesa da inji. Kifi, shinkafa da soyayyar ayaba su ne abincin kusan kullum. Na shaida wa kukun ba na cin naman alade, bai taɓa mantawa ba.

Sai jagora. Kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandu ne na gwamnati tun 1959, kuma yawancin wuraren ziyara ba a shigarsu sai da jagora mai lasisi. Tamu haifaffiyar tsibirin San Cristóbal ce, ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma ɗaga wa kowa ƙafa a kan dokar barin tazarar mita 2 tsakanin mutum da dabba. Dokar tana da wuyar kiyayewa, domin dabbobin nan ba su san tsoron ɗan Adam ba. Tsuntsu mai shuɗayen ƙafafu zai kwanta a kan ƙwansa a tsakiyar hanya, kai ne za ka kauce. Ɗan zakin teku zai taso yana shinshina ƙafarka, sai ta ce ka ja da baya. A tsibirin Española wani daga cikinmu ya tsallake sandunan da ke nuna iyakar hanya don ya ɗauki hoto. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsayar da ayarin duka, ta nuna mana yashin da ƙadangarun teku ke binne ƙwai a ciki, aka tsaya shiru har ya dawo da kansa. Kullum kafin mu koma jirgi sai an wanke takalma, kada irin tsiron wannan tsibiri ya bi mu zuwa wani.

Daga bakinta na ji yadda aka sha fama kafin wurin ya tsira. Awakin da mutane suka kawo sun yaɗu suka cinye ciyayin da manyan kunkuraye ke rayuwa a kai, har aka yi wani shiri da ya ƙare a 2006, aka harbe sama da 140,000, yawanci a arewacin tsibirin Isabela da tsibirin Santiago, wasu ma daga jirgi mai saukar ungulu. Akan ɗaura wa akuya na'ura a wuya a sake ta, ta je ta nemo 'yan uwanta, maharba na biye. Labarin ba daɗin ji, ita ma ba ta yi masa kwaskwarima ba. Kunkurayen Española kuwa 14 suka rage a shekarun 1960. Aka kwashe su zuwa wurin kiwo, aka ƙaro musu namiji mai suna Diego daga gidan namun dajin San Diego na Amurka. Lokacin da aka mayar da shi tsibirinsa a 2020, yawansu ya kai wajen 2,000. Kunkurayen tsibirin Pinta ba su yi wannan sa'a ba: na ƙarshensu, Lonesome George, ya mutu a 2012, gawarsa tana ajiye cikin gilashi a Puerto Ayora. Yanzu kuma wani ƙuda ɗan shigowa ne ya addabi ƙananan tsuntsaye, tsutsarsa tana tsotse jinin 'ya'yansu a sheƙa.

Ƙorafina mafi girma a kan hanya ne. Hukumar gandun ce ke tsara wa kowane jirgi inda zai bi, ba a kuma yarda ya maimaita wuri ɗaya cikin mako biyu ba, shi ya sa kamfanoni ke raba tafiyar kashi-kashi. Takardar tallar kamfanin cike take da hotunan tsuntsun fengwin, alhali mafi yawansu suna yamma ne, wajen Isabela da Fernandina. Mu kudu maso gabas muka nufa, ko ɗaya ban gani ba. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne manyan tsuntsayen albatros na Española, masu zuwa yin sheƙa daga Afrilu zuwa Disamba. Kafin ka tura ko dala ɗaya, ka sa a rubuto maka sunayen tsibiran da za a tsaya a makon da ka zaɓa, ka kuma tambayi shekarun da jagoran ya yi yana wannan aiki.