Gargaɗi kan masu na'urar "gwajin jiki" da kwalaben bitamin

Jama'a, a yi hattara da wata damfara da ake yi da sunan bitamin. Salonta kusan ɗaya ne duk inda ta ɓulla. Za a gayyace ka taron wayar da kai kan lafiya, ko a turo maka saƙo ta WhatsApp cewa ana gwajin jiki kyauta. In ka je, sai a miƙa maka wani ɗan ƙarfe da aka jona da kwamfuta, a ce ka riƙe a tafin hannunka. Cikin minti ɗaya ko biyu allon ya cika da jajayen layuka: hantarka ta gaji, ƙodarka na cikin haɗari, ba ka da kalsiyam, ba ka da zink, bitamin kaza da kaza sun ƙare a jikinka. Tun hankalinka bai dawo ba an dire maka kwalabe uku ko huɗu, an ce su ne mafita, kuma yau kaɗai ake rangwame.

Babu wata na'ura da za ta san yawan bitamin D ko B12 ko sinadarin ƙarfe da ke jikin mutum don kawai ya riƙe ƙarfe a hannu. Jini ake ɗiba a kai ɗakin gwaje-gwaje. Shekarunka da jinsinka da nauyinka da aka tambaye ka kafin a fara, su ne kaɗai abin da kwamfutar ta sani game da kai. Shi kuma mai riƙe da na'urar, galibi ba likita ba ne, ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗan kasuwa ne wanda ribarsa ke rataye da tsoronka.

Abin da ya sa damfarar take ci shi ne an gina ta a kan gaskiya. Bitamin ba ƙarya ba ne. Guda 13 ne jiki ke buƙata, kuma kowanne da aikinsa. Bitamin A na taimakon ido, musamman gani da dare, da garkuwar jiki. Bitamin D ne ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam, rashinsa kan lanƙwasa ƙasusuwan yara. Da bitamin K jini ke daskarewa idan an ji rauni. Bitamin C na taimakon warkewar ciwo, yana kuma sa jiki ya fi karɓar sinadarin ƙarfe. B12 da folik asid na cikin abubuwan da ake gina jajayen ƙwayoyin jini da su, B12 kuma yana kare jijiyoyi. Rashin ayodin ke kawo maƙoƙo. Macen da ke sa ran ɗaukar ciki ana ba ta shawarar shan folik asid maikrogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga, domin hanyar da ke zama ƙwaƙwalwa da laka a jikin jariri tana rufewa ne cikin kusan kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba. Wanda aka auna aka ga yana da rashi, ƙwayar bitamin tana yi masa amfani sosai, kuma ba na son wannan gargaɗi ya sa mai juna biyu ta ajiye abin da aka ba ta a wurin awo.

Amma cike gurbin abin da jiki ya rasa daban, warkar da cuta daban. Ƙwayar haɗin bitamin ba ta warkar da ciwon suga, ba ta warkar da hawan jini, ba ta warkar da sikila ko sankara, ba ta buɗe mahaifar da ta toshe. A Amurka an bi diddigin likitoci maza 14,641 na fiye da shekara goma, wasu na shan haɗin bitamin kullum, wasu na shan ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamakon da aka fitar a 2012 ya nuna bitamin bai rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, sai ɗan ragi na kusan kashi 8 cikin ɗari a kamuwa da sankara. Wannan kuma rigakafi ake magana a kan masu lafiya, ba magani ga wanda cuta ta riga ta kama ba. Duk wanda ya ce maka ka ajiye maganin suga ko na hawan jini ka koma kan kwalbarsa, da ranka yake wasa. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi ci mini rai, domin hawan jini ba ya ihu. Mutum zai daina magani ya ji garau na wata da watanni, ya yi ta godiya ga mai sayarwa, sai ranar da ya faɗi.

Sai batun yawan da suke cewa a sha. "Ai bitamin ne, ba ya illa" ita ce kalmar bakinsu, kuma ba gaskiya ba ce. Bitamin A, D, E da K suna narkewa ne cikin kitse, jiki yana tara su maimakon ya fitar da rarar ta fitsari. Iyakar da aka ɗora wa baligi a bitamin A nau'in retinol ita ce maikrogiram 3,000 a rana, wato IU 10,000 kamar yadda ake rubutawa a wasu kwalabe. Wuce wannan na tsawon lokaci yana lalata hanta, ga mai ciki kuma yana iya nakasa jariri. Iyakar bitamin D ita ce IU 4,000. Idan ya yi yawa sosai kalsiyam kan hau a jini, a samu amai, kasala, tsakuwar ƙoda, har lalacewar ƙodar kanta. Sinadarin ƙarfe miligiram 45 ne iyakarsa, zink miligiram 40. Ko B6, da ke narkewa cikin ruwa, yawansa na jawo sagewa da jin tsira-tsira a hannu da ƙafa. Matsalar ita ce kwalabe huɗun da aka haɗa maka sau da yawa abubuwa iri ɗaya ne a cikinsu da sunaye daban-daban, don haka kana ninka bitamin A ko D sau uku ba ka sani ba. Masu shan taba su ƙara kula: a wani bincike a Finlan kan maza 29,133 masu shan taba, wanda aka wallafa a 1994, waɗanda aka ba beta-karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Kuma ƙwayoyin da ke da sinadarin ƙarfe, musamman masu zaƙi irin na alewa, suna iya kashe ƙaramin yaro in ya samu kwalba ya sha da yawa.

Suna da wata dabara da ya kamata a sani. Bayan kwana ɗaya fitsarinka zai koma rawaya shar, sai a ce maka dattin jiki ne ke fita. Rarar bitamin B2 ce kawai jiki ke zubarwa, haka launinta yake. In fuskarka ta yi ja tana zafi a ce maka jijiyoyi ne ke buɗewa, wannan aikin niyasin ne, wato B3, idan ya yi yawa.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a jikin kwalbar ba. Za ka ga an buga "FDA ta amince" da manyan baƙaƙe. A dokar Amurka ta 1994, FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ba ta tantance irin waɗannan kayan ƙarin gina jiki kafin su shiga kasuwa kamar yadda take yi wa magunguna, saboda haka wannan rubutu shi kansa alamar yaudara ne. Wani nazari da aka wallafa a 2018 ya duba bayanan hukumar daga 2007 zuwa 2016, ya samu kayayyaki 776 da aka ɓoye magungunan asibiti a cikinsu, mafi yawansu na ƙarfin maza, rage ƙiba da gina tsoka. An samu sildenafil, maganin ƙarfin maza, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yake sa awon jini ya faɗi ƙasa warwas. An samu sibutiramin, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A kayan ciwon gaɓoɓi kuma an sha kama deksametason. Shi ne ke sa ciwon gwiwa ya ɗauke cikin kwana biyu mutum ya rantse ya samu waraka, daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni.

Ko sahihin bitamin ma yana karo da magani. Bitamin K na rage ƙarfin wafarin, maganin tsinka jini. Kalsiyam da sinadarin ƙarfe na hana jiki karɓar maganin makwallato da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta idan an sha su tare. Biyotin, wato B7, mai yawa, wanda ake tallatawa don gashi da farce, yana rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da wanda ake gano bugun zuciya da shi, FDA ta yi gargaɗi a kan haka a 2017.

Mataki na ƙarshe shi ne a jawo ka cikin sana'ar. A ce ka yi rajista, ka sayi kaya da yawa, ka kawo mutum biyu su ma su kawo biyu-biyu. Shi ya sa wanda ke tallata maka sau da yawa ɗan uwanka ne ko aminiyarki, wanda shi ma an cika masa ɗaki da kaya yana neman mayar da kuɗinsa. Kada kunya ta sa ka saya. Ka ce masa sai ka nuna wa likitanka tukuna.

Kafin ka sayi kowace kwalba, duba ko an rubuta adadin kowane sinadari ɗaya bayan ɗaya. In an dunƙule su an kira shi haɗin sirri na kamfani, ajiye ta. Duba sunan kamfani da adireshinsa, lambar rukuni, ranar lalacewa, da lambar rajista, sannan ka tabbatar da lambar a wurin hukumar kula da magunguna ta ƙasarku, domin ana buga ta bogi. Wanda ya riga ya fara sha ya ɗauki kwalaben gaba ɗaya ya kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna, ya faɗi tun yaushe yake sha da kuma nawa a rana. In ka ajiye maganin asibiti saboda su, ka koma a auna ka cikin gaggawa. In kuma ka sha wani abu na ciwon gaɓoɓi ko ƙara ƙiba na makonni har fuskarka ta fara cika, kada ka yanke shi rana ɗaya da kanka, domin deksametason da ire-irensa a hankali ake janye su, a ƙarƙashin kulawar likita. Sauran ƙwayoyin kada a zubar, a miƙa su ga hukumar kula da magunguna tare da kwalinsu don a gwada abin da ke ciki.