Ruwan Bagaja Ko Shaihu Umar: Wanne Za Ki Fara Miƙa Masa?

Hajiya, kin ce yaronki ya kai shekara 12, yana karanta Hausa amma da kasala, kuma kina tambayar wanne za ki fara saya masa tsakanin Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Ni dai na ce Ruwan Bagaja, ba tare da ja-in-ja ba. Ga dalilina.

Dukansu 'yan gida ɗaya ne. Gasar rubuta littattafai da Bature Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta haife su, tare da Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam marubucin Ruwan Bagaja. Amma halinsu ya sha bamban kamar na 'yan uba.

Ruwan Bagaja littafin baki ne, na a zauna a karanta a bayyane. Tauraron labarin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, sai tafiyar ta koma wasan kura da akuya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman: yau wannan ya yi wa wancan dabara, gobe wancan ya rama, kowane gari da irin tsiyar da za su tafka. Mu a gidanmu bayan sallar isha ake karanta shi, a kan tabarma, fitilar ƙwai na ta hayaƙi, kakata tana cewa a tsaya ta gama dariya tukun. Yaro mai kasala shi yake so: babi gajere, karin magana a kowane lungu, kuma Hausar tana zama a baki ba a sani ba. Gaskiya labarin yana yawo da yawa, wani wurin ka manta ma ruwa ake nema. Yara ba su damu da wannan ba.

Shaihu Umar kuwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda daga baya ya zama Firayim Minista. Malami ne ke ba almajiransa labarin rayuwarsa a natse: an sace shi yana ƙarami, ya faɗa hannun Balarabe mai suna Abdulkarim, ya ƙetare hamada, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta shiga bauta. Babu wasa a ciki. Zamanin cinikin bayi ne aka nuna tsirara, kuma abin da ya faru da uwar nan a ƙarshe yakan sa babba ma ya ajiye littafin ya yi shiru.

Wannan ki riƙe masa zuwa shekara 15, lokacin da zai fara tambayar tarihi. Idan kuma kin ga ya gama Ruwan Bagaja yana neman ƙari, Magana Jari Ce na nan, juzu'i uku.

Ke ma ki karanta Shaihu Umar kafin nan, Hajiya. Amma ba da daddare ba.