Allura ko roba: yadda aka zuƙe mini jakar tsutsa a hanta ba tare da tiyata ba

Duk mai zuwa kwata ya san jakunkunan ruwan nan da ake tararwa a huhun raƙumi ko hantar tunkiya, mahauci ya yanke ya wurga wa kare. Irinsu guda biyu hoton ciki ya nuna a hantata, ɗaya santimita 7, ɗaya 12. Tsutsar a hanjin kare take zama, ƙwanta ya fito cikin kashinsa, mutum ya haɗiye ta hannu ko ganye ko ruwan sha. A gida an ce sai an tsaga ni. Na ƙi, na tattara abin da nake da shi na tafi Tunis, tunda likitocin Tunisiya ne suka fara zuƙe wannan jaka da allura a tsakiyar shekarun 1980.

Ƙaramar aka fara yi, da hanyar da suke kira PAIR, wato a soka allura, a zuƙe ruwan, a ɗura maganin kashe tsutsa, a sake zuƙewa. Tun kafin ranar an ɗora ni a kan albendazol, maganin tsutsa. Aka kashe wurin da allura, ido biyu nake, likita na kallon na'urar hoto yana tura siririyar allura ta cikin naman hanta, don naman ya toshe hujin kada ruwan ya tsiyaye cikin ciki. Abin da ya fito a sirinji fari tas, kamar ruwan randa. Ya duba ko da ruwan matsarmama a ciki, babu, sannan ya ɗura ruwan gishiri mai kauri, kashi 20 cikin ɗari, ya bar shi kusan minti 15 ya kashe 'ya'yan tsutsar, ya sake zuƙewa. Washegari ina yawo da ƙafata. Wannan kam ba ni da ƙorafi ko ɗaya.

Babbar ce ta ba ni wuya. Jakar da ta wuce santimita 10 allura ba ta iya ƙarar da ita, sai an bar roba a ciki, wato siririn bututun da ruwan zai riƙa fita ta cikinsa. Shigar da robar kuma iri biyu ne. Akwai ta Seldinger, wani likitan Suwidin da ya fito da ita a 1953: allura ta shiga, a zura waya ta cikinta, a cire allurar, a faɗaɗa hanya, sannan roba ta bi wayar. Akwai kuma wadda robar ke sanye a jikin tsinken ƙarfe, a soka gaba ɗaya a zare tsinken. Likitan ya zaɓi ta biyu, ya ce ta bakin tafinta: "Alhaji, jakarka a cike take tam, kowane cire-da-sakawa dama ce ruwa ya zuba." Zubar ruwan nan ita ce abin tsoro, tana iya sa jini ya faɗi nan take, ko ta shuka sababbin jakunkuna. Shi ya sa mai sa barci ke tsaye a kaina da allurar adirenalin, ta gaggawa idan jini ya faɗi, a tire.

Sokawar ba ta fi ƙiftawar ido ba. Zaman da robar ne azaba: jakar tara ruwan rataye a gefen gado, ba kwanciya ta dama, tari ma sai ka dafe haƙarƙari. Ba a cirewa sai abin da ke fita a yini ya gaza mililita 10, kuma ba wanda ya gaya mini haka kafin in sayi tikitin komawa. Kuɗin masauki da canjin tikiti sun ci ni fiye da yadda na lissafa, laifin asibitin ne.

Duk da haka, da a sake, allurar zan zaɓa a kan wuƙa. Sai dai ba kowace jaka take karɓarta ba. A rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya, nau'in da ake kira CE1 da CE3a, marasa 'ya'yan jakunkuna a ciki, su ne ke jin PAIR. Mai 'ya'yan jakunkuna a ciki takan dawo, sai roba mai faɗi ko tiyata, ta huhu kuwa ba a soka ta. Na ci gaba da albendazol wata guda, hoton baya-bayan nan ya nuna duka biyun sun motse sun fara tauri.