Ajin Asabar na Baba Barista kan tsohuwar dokar filayen Ingila, abin da na gani

Tun da muka gama ajin nan abokan karatu ke ta tambayata wai kwalliya ta biya kuɗin sabulu ko kuwa, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Aji ne na ranar Asabar da safe, wani dattijon lauya da ya yi ritaya ke koyarwa a wata firamare mai zaman kanta can wajen Jekadafari nan Gombe, sati shida, dubu takwas gaba ɗaya. Mu dai Baba Barista muke ce masa. Abin da yake koyarwa shi ne asalin dokar filaye ta Ingila, sashen nan da yawancin ɗaliban lauya ke haddacewa don jarrabawa kawai ba tare da ya zauna musu a kai ba.

Ranar farko ko allo bai taɓa ba, cewa ya yi duk wanda mahaifinsa ke da takardar C of O, wato shaidar riƙe fili da gwamnati ke bayarwa, ya je gida ya karanta ta da kyau. Na je na karanta tamu, shekara 99 aka rubuta, ga kuɗin ƙasa da ake biya, kuma dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta ce ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Da muka dawo ya ce to 'ya'yana, riƙewa daban mallaka daban, in kun gane wannan kun gane rabin darasin. Sannan ya kai mu 1066, shekarar da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi ya ɗauki ƙasar duka tasa ce, ya rarraba wa manyan mutanensa su riƙe da sharaɗin kawo masa barade in yaƙi ya tashi, kwana 40 a shekara, su ma suka yanka wa na ƙasa da su, haka har abin ya gangaro kan manomin da ke ɗaure da gonar ubangidansa. Ya ja mana kunne cewa tamu dokar ta biyo ne ta dokokin Arewa na 1910 da 1962, kar wani ya je ya rubuta wai kai tsaye daga Wiliyam ta fito. Wannan taka-tsantsan ɗin nasa ya burge ni gaskiya.

Inda ya fi ƙwarewa shi ne kawo abu kusa da kai. Da zai yi bayanin manomin nan sai ya ce ku tuna gandu da gayauna, wasu ranakun sati kana noma gonar ubangida, sauran ka koma ɗan yankinka. Bambancin shi ne can ba uba da ɗa ba ne, in za ka aurar da 'yarka sai ka biya ubangida, in ka mutu ya zo ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a garkenka ya kora. Wallahi wannan ta dabbar ta tsaya min a rai, ana cikin zaman makoki a zo a kwance san noma, da me marayun za su shiga damina?

Sati guda kacokan a kan littafin Domesday muka yi shi, wato littafin ƙidayar filayen Ingila. A Kirsimetin 1085 Sarki Wiliyam ya ba da umarni a garin Gulosta, 1086 jami'ansa suka bazu suna rantsar da mutanen gari suna tambaya, wa ke riƙe da nan zamanin Sarki Edwad kafin zuwan Wiliyam, wa ke riƙe yanzu, garma nawa, injin niƙa na ruwa nawa, nawa wurin ke kawowa. Wurare sama da 13,000 suka shiga, da Latin aka rubuta, Landan kuma ba ta ciki, kuma har yau littafin na nan a gidan adana takardun gwamnati da ke Kew. Ni kakana na tuna, yadda yake ba mu labarin masu ƙidayar jangali da yadda ake kora shanu daji in an ji suna tafe. Ashe mai mulki ko'ina sai ya ƙirga kafin ya karɓa.

Wata Asabar kuma ya shigo da karan dawa da 'yar wuƙa, ya yi masa tsaga-tsaga ya raba shi biyu a tsaye, ya miƙa wa wani rabi ya riƙe rabi, ya ce ga rasidin baitulmalin sarkin Ingila nan, in an haɗa tsagar ba ta dace ba to akwai maƙaryaci. Su da itace suke yi, kuma tarin tsofaffin sandunan ne aka cusa a murhu a 1834 wutar ta ƙwace ta cinye ginin majalisarsu. Babu wanda ya zauna ajin nan da zai manta wannan.

Ranar gado aji ya kaure da musu. Ƙa'idarsu babban ɗa namiji ke ɗauke ƙasar duka, amma a yankin Kent 'ya'ya maza raba daidai suke yi, wasu garuruwan ma auta ke gada. Wata 'yar ajinmu ta ce Baba to mata fa? Ya ce in babu namiji 'ya'ya mata su raba daidai, matar mamaci kuma ta ci moriyar kashi ɗaya cikin uku iya rayuwarta, ba irin tumunin takaba namu ba da yake zama nata halak malak. Magajin ma sai ya biya kafin ya shiga, shi ya sa Magna Carta ta 1215, yarjejeniyar da manyan masu riƙo suka sa Sarki Jon ya amince da ita, ta yanke masa iyaka, fam 100 ga babban mai riƙo, sule 100 ga gonar barde ɗaya, kuma ba a tilasta wa bazawara aure.

Yanzu inda raina bai yi daɗi ba. Sati huɗu muka ci a ƙarni biyun farko, sai ga sauran tarihin an dunƙule shi. Dokar 1290 da ta hana mai sayar da fili ya mai da kansa sabon ubangida a kan mai saye, annobar 1348 da ta sa ma'aikatan gona suka yi ƙaranci, boren manoma na 1381 da suka riƙa ƙona takardun kotun iyayengiji, riƙo da kwafin rajistar kotun gari wanda bai ƙare ba sai 1926, da dokar 1660 da ta soke riƙo na aikin soja, duk a Asabar biyu, alhali nan ne tambayoyin jarrabawa suka fi fitowa. Takardar tallan ta ce Birtaniya amma ko sau ɗaya ba mu leƙa Sukotlan ba, kuma tsarinsu daban ne. Handawut ɗin hoton tsohon bugun tafireta ne ya dushe, wasu shekarun ba ka bambance 3 da 8. Ga bencin yara da gwiwa ke tokare tebur, in an ɗauke wuta zafin Gombe kun san shi, kuma ƙarfe tara ɗin da aka ce sau uku tana komawa goma saura.

Duk da haka in kai ɗalibin lauya ne ko ma'aikacin safiyo ko dillalin filaye mai son sanin abin da ke cikin takardar da yake miƙa wa mutane, ka je, kuɗinka ba zai tafi a banza ba. Ka tafi da littafin rubutu mai kauri don bakinsa ya fi handawut ɗin nesa ba kusa ba, ka zauna gaba saboda muryarsa ba ta kai baya sosai. Na roƙe shi ya ƙara sati biyu a zagaye na gaba ya ce zai duba bayan ƙaramar sallah, in ya ƙara ni ma zan koma don in ji na 1290 zuwa 1660 a tsanake.