Wane kwikwiyo za ka ɗauka, mai zafin kai ko mai natsuwa?

A nan Daura, da an ji karyar wani mafarauci ta haihu, kafin mako ya zagayo an gama rabon 'ya'yan da baki. Wannan ya ce jan nasa ne, wancan ya ce a ajiye masa mai farin wuya. Alhali ko ido ba su buɗe ba, don sai wajen kwana 10 zuwa 14 kwikwiyo ke fara gani. Launi ake zaɓa ke nan, shi kuwa launi ba ya kama zomo, ba ya korar ɓarawo.

Abin da nake ba mutane shawara shi ne su jira har mako 7, sannan su je su zauna su kalli halin kowanne. Ɗauka kuwa sai sun cika mako 8, domin a wajen uwa da 'yan uwa kwikwiyo ke koyon sassauta cizo. Kafin ka tafi, ka san aikin da kake nema. Addini ya yarje mana ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron gona, kuma kowanne da irin halin da yake bukata.

Ka fara da uwar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In ta yi maka haushi, mai ita ya tsawata ta kwanta, alama ce mai kyau. In kuwa ta noƙe wutsiya ta shige ƙarƙashin rumbu, ko ta ƙi jin maganar kowa, ka yi tunani sosai.

A kusan kowace haihuwa akwai wanda zai rugo maka tun kafin ka tsuguna, ya ture 'yan uwansa a kwano, ya kama bakin wandonka. Shi ne ke sace zuciyar mai saye. Ni ma shi na taɓa ɗauka don tsaron lambu, kafin ya shekara ya kashe kajin maƙwabta har sau uku, na biya, zumuncin kuma ya daɗe bai koma daidai ba. Irin wannan ba mugu ba ne, aikinsa ne daban. A hannun mafaraucin da zai fita da shi daji duk rani, abin alfahari ne. Jefa tsumma a ƙasa ka ja: in ya bi shi a guje, ya cafke, ya ƙi saki, sannan ka ga hancinsa kullum a ƙasa yana sunsune, to na farauta ne. Kada ka kai shi gidan da ke da yara da tumaki.

Sai wanda ke raɓewa jikin bango. Tausayinsa zai kama ka, amma ka bar shi. Kare mai tsoro shi ya fi cizo ba gargaɗi, kuma haushinsa na dare ba ya bambanta ɓarawo da inuwar bishiya.

Wanda nake so ka lura da shi yana tsakiya, ba ya jan ido. Saki kwanon silba a ƙasa, nesa kaɗan da su. Duk za su zabura, wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne wa zai dawo ya sunsuni kwanon. Sannan ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya zuwa inda ba su saba ba, ka ajiye, ka yi tafiyarka kana tafa hannu a hankali. Wanda ya biyo ka wutsiya a sake yana son mutum, zai ji magana. Kwantar da shi rigingine a tafin hannunka: ya ɗan yi mutsu-mutsu ya lafa, madalla. Wannan shi ne na gadin gida da gona. Na bin garke kuwa ya fi kowa bukatar sanyin hali, gara ma a ce an haife shi a ruga, ya buɗe ido cikin warin shanu da tumaki.

Kada ka yanke hukunci a zuwa ɗaya. Kwikwiyon da ya ƙoshi yana jin barci zai yi kama da mai natsuwa, haka ma wanda tsutsar ciki ta cinye. Koma sau biyu ko uku, da safe da yamma. Ɗaga leɓensa ka ga dasashi ja ne ba fari fat ba, duba kaska a kunne, kwantsa a ido, da kumburin ciki.

Masu tambaya kan karen Turawa irin su Alseshan, yana da kaifin koyo, amma zafin watan Afrilu a Katsina, da ke kaiwa digiri 40, yana wahalar da mai yawan gashi, ga kuɗin abinci da magani. Na gida ya fi juriya nesa ba kusa ba.

Ranar da ka ɗauko shi, ka biya asibitin dabbobi a ba shi maganin tsutsa da allurar rigakafin gudawar jinin da ke kashe ƙananan karnuka. Ta haukan kare kuma sai ya cika wata 3, ka karɓi takardar ka adana.