Baucan diyyar rasa kujera a jirgi: wa yake amfana, wa yake cuta

Kamfanonin jiragen sama suna sayar da tikiti fiye da adadin kujerun da ke cikin jirgi, kuma a Amurka da Turai doka ba ta hana su ba, domin sun daɗe da lura cewa a kusan kowane tashi akwai waɗanda za su sayi tikiti amma ba za su zo ba. Yawancin lokaci lissafinsu yana yin daidai, jirgi ya tashi ba tare da fasinja ya san an yi wannan lissafin ba. Ranar da kowa ya zo kuwa, sai a ji ma'aikaciyar da ke ƙofar shiga jirgi tana shela, tana neman wanda zai haƙura da kujerarsa ya bi jirgi na gaba, a ba shi bauca, wato takardar sayen tikiti, na dala 300 ko 500 ko ma fiye da haka. Wannan baucan shi ne abin da nake so in auna a nan, saboda adadin da aka rubuta a jikinsa yana da daɗin ji, amma abin da ke isa hannun mutum a ƙarshe ya dogara ne ga sharuɗɗan da ba a faɗa a cikin shelar.

Adalci ne in fara da abin da tsarin ya gyara. Kafin a fara neman masu sa kai, kamfani ne kawai ke zaɓar wanda zai bari a ƙasa. A 1972 kamfanin Allegheny ya hana Ralph Nader, lauyan nan mai kare haƙƙin masu sayayya a Amurka, shiga jirgi alhali yana riƙe da tikitin da aka tabbatar masa, kuma ƙarar da ya shigar ta kai har Kotun Ƙolin ƙasar a 1976. Tun a 1968 masanin tattalin arziki Julian Simon ya kawo shawarar a riƙa yin wani abu mai kama da gwanjo, wato a tambayi fasinjoji nawa za a ba su su sauka, sai a ɗauki masu neman mafi ƙanƙanta. A 1978 hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama a Amurka a lokacin ta wajabta wa kamfanoni su fara neman masu sa kai kafin su tilasta wa kowa. Wannan gyara ne na gaske, domin wanda ke hanyar ɗaurin aure ko ganin likita zai samu ya wuce, wanda ba ya gaggawa kuma ya sayar da lokacinsa da yardarsa. Ba ni da ja a kan gwanjon. Jayayyata tana kan abin da ake biyan mutum da shi.

Baucan nan ba kuɗi ba ne, izini ne na sayen tikiti a kamfanin da ya bayar da shi, kuma galibi yana mutuwa bayan shekara ɗaya. Lamarin ya yi kama da mai kantin da kake bin bashi, ya ce ba zai ba ka kuɗinka ba, amma ka zo ka ɗebi kaya a kantinsa kafin shekara ta zagayo, alhali shi ne mai sa farashin kayan. Ga kamfani wannan ciniki ne mai sauƙi ƙwarai. Kujerar da za ka saya da baucan wataƙila da ma fanko za ta tashi, wasu da aka ba su baucan ba za su taɓa amfani da shi ba har wa'adinsa ya cika, waɗanda suka yi amfani da shi kuma sau da yawa sai sun ƙara kuɗi daga aljihunsu kafin tikitin ya cika. Shi ya sa kamfani ke iya rubuta babban adadi a takarda ba tare da ya ji a jikinsa ba, shi ya sa kuma wasu kamfanonin Turai kan ce ga yuro 600 a hannu, ko kuma bauca na yuro 800, mutum ya zaɓa. Wannan ratar ta yuro 200 ita kanta shaida ce cewa kamfanin ya san takardarsa ba ta kai kuɗi ba.

Na taɓa karɓar irin wannan baucan da yardata, a wata tafiya da ba ni da wani uzuri na gaggawa, kuma abin da ya faru a filin jirgin bai da aibu. An sauya mini jirgi, an ba ni takardar abinci, lambar baucan kuma ta shigo imel ɗina kafin in bar wurin. Wahalar ta bayyana ne lokacin amfani da shi. Ejan ɗin da na saba sayen tikiti a wurinsa ya ce ba zai iya karɓar lambar ba, sai dai in shiga shafin kamfanin da kaina. A shafin kuma lambar ta ƙi shiga a kan tafiyar da nake so, domin wani ɓangare na hanyar jirgin kamfanin ƙawance ne ke ɗauka, ba jirginsu ba. Da na sami hanyar da ta karɓa, sai na ga baucan ya rage kuɗin kujera kaɗai, haraji da kuɗin filin jirgi suna nan a wuyana, kuma duk wanda ya taɓa duba yadda aka kasa kuɗin tikitin ƙetare ya san waɗannan ƙarin ba ƙananan kuɗi ba ne. Na yi tafiyar, na kuma sami ragi mai amfani, amma bai kai adadin da aka yi shelarsa ba.

Sharuɗɗan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma a nan ne ake gane bauca mai daraja da mara daraja. Akwai wanda sunan mutum ɗaya ke jikinsa, ba za ka iya saya wa matarka ko ɗanka tikiti da shi ba. Akwai wanda sau ɗaya ake amfani da shi, ta yadda idan ka sayi tikitin dala 200 da bauca na dala 500, ragowar 300 ta tafi ke nan. Akwai kuma bambancin da mutane da yawa ba sa lura da shi, tsakanin wanda ya ce a sayi tikiti kafin ranar da zai mutu da wanda ya ce a kammala tafiyar kafin ranar, domin na farkon yana ƙara wa mutum watanni, na biyun kuwa yana rage masa. Wasu kamfanoni a Amurka sukan ba da zaɓin katin kyauta da ake iya sayayya da shi a kantuna, kuma wannan ya fi kusa da kuɗi nesa ba kusa ba, don haka idan yana cikin tayin shi ya kamata a fara dubawa.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne bambanci tsakanin wanda ya sa kai da wanda aka tilasta wa, saboda doka ba ta kallon su ɗaya. Wanda ya ɗaga hannu ya ce ya yarda, abin da suka daidaita da kamfani shi ne rabonsa, babu wani mafi ƙarancin adadi da doka ta ajiye masa. Wanda aka hana shiga ba da son ransa ba kuwa, yana da haƙƙi a rubuce. A Amurka, idan jirgin da aka sauya masa zai kai shi cikin awa ɗaya daga lokacin da ya kamata ya isa, ba a biyansa komai. Idan jinkirin ya kai awa ɗaya zuwa biyu a tafiyar cikin gida, ko ɗaya zuwa huɗu a ta ƙetare, za a ba shi ninki biyu na kuɗin tikitin zuwa, idan ya wuce haka kuma ninki huɗu. Daga farkon 2025 iyakar waɗannan kuɗaɗe ta koma dala 1,075 da dala 2,150. Kenan wanda ya sayi tikitin zuwa kan dala 300 aka jinkirta shi awa uku a cikin gida, dala 1,200 yake bin kamfanin, kuma yana da ikon ya ce ceki yake so. Idan a wannan halin aka miƙo masa bauca, ko da adadinsa ya ɗara haka kaɗan, shawarata ita ce ya ƙi.

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta fi wannan sauƙin fahimta, kuma ta fi shafar matafiyanmu, domin tana aiki a kan duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar, da kuma jirgin kamfanin Turai da ya taso daga waje zuwa can. Wanda ya taso daga Legas ko Abuja zuwa Faris ko Farankfot a jirgin kamfanin Turai yana ƙarƙashinta. Diyyar ita ce yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, yuro 400 ga matsakaiciya, yuro 600 ga wadda ta haura kilomita 3,500, kuma hanyoyin Najeriya zuwa waɗannan biranen a rukuni na ƙarshe suke. A wannan rukunin na ƙarshe, kamfani na iya rage rabin kuɗin idan ya kai mutum cikin awa huɗu daga lokacin da aka tsara. Birtaniya ta riƙe makamanciyar wannan doka bayan ficewarta daga Tarayyar, da fam 220 da 350 da 520. Sashe na 7 na dokar ya ce a biya da kuɗi ko ta banki ko da ceki, ba a kuma biya da bauca sai fasinja ya sa hannu ya yarda. Wannan sa hannun ne ya kamata a yi hattara da shi, domin ana miƙo takardar ne a lokacin da mutum ya gaji, yana tunanin masaukin da zai kwana da waɗanda ke jiransa a ɗaya gefen. A Najeriya ma dokokin kare fasinja na hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato NCAA, sun tanadi diyyar aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida da kashi 30 a ta ƙetare, wanda ba shi da yawa, amma haƙƙi ne da ya kamata a nema.

Abin da ya faru a filin jirgin O'Hare na Chicago ranar 9 ga Afrilun 2017 ya nuna yadda fasinjoji da kansu ke kimanta wannan takarda. Jirgin United Express mai lamba 3411 zai tafi Louisville a daren Lahadi, ya cika, sai kamfanin ya buƙaci kujeru huɗu don ma'aikatan jirgi. An yi tayin bauca na dala 400, aka ɗaga zuwa 800, amma babu wanda ya tashi, domin jirgin da za a sauya musu sai washegari, kuma mutanen da ke da aiki ranar Litinin sun ga cewa takardar ba ta kai kwana da asarar yini ba. Maimakon a ƙara tayin, sai aka zaɓi mutum huɗu, kuma jami'an tsaron filin suka jawo wani likita mai suna David Dao a ƙasa yana zubar da jini, bidiyon ya zagaya duniya. Bayan haka United ta ba ma'aikatanta damar yin tayi har zuwa dala 10,000, Delta kuma har zuwa dala 9,950, daga baya ma'aikatar sufurin Amurka ta hana sauke fasinjan da ya riga ya shiga jirgi saboda ƙarancin kujera. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne cewa tayin farko ba shi ne na ƙarshe ba, kuma wanda ke son sa kai yana da damar yin ciniki cikin ladabi, ya nemi ƙari, ya nemi otal da abinci da kujera tabbatacciya a jirgi na gaba.

Idan aka tambaye ni wa baucan yake amfana, zan ce ɗan kasuwa ko ma'aikaci ko ɗalibin da ke zaune a ƙasar da kamfanin ke da hanyoyi da yawa, wanda ya tabbata zai sake hawa jirginsu cikin watanni, kuma da ma daga aljihunsa zai biya. A wurin irin wannan mutumin baucan yana kusa da kuɗi, kuma ƙarin da ake yi a kansa riba ce ta gaske. Amma yawancin mutanenmu ba haka tafiyarsu take ba. Dattijon da ya je Amurka bikin kammala karatun 'yarsa, ko matar da ta je Jamus ganin likita, ba su san ranar da za su sake samun biza ba, kuma bauca na kamfanin da ba ya sauka a Kano ko Abuja bai da wani amfani a hannunsu, zai mutu ne a cikin imel. Wannan ne ke damuna, domin waɗanda suka fi buƙatar kuɗin su ne waɗanda takardar ba za ta yi wa komai ba, su ne kuma suka fi jin nauyin yin musu da ma'aikaci a ƙasar da ba tasu ba, cikin harshen da ba nasu ba. Yuro 600 a asusun banki kuɗi ne da za su biya kuɗin makaranta ko magani, yuro 800 a takarda kuwa sai an sake kashe wasu kuɗin kafin a gan su.

Saboda haka hukuncina a kan wannan hidima rabi ne. Tsarin neman masu sa kai yana da kyau, kuma na yaba da saurin da ake fitar da baucan, amma wajen sauƙin amfani ya gaza, kuma gazawar ba ta kuskure ba ce, daga sharuɗɗan take. Wanda ya yanke shawarar karɓa, ya tsaya a gaban teburin ya tambayi ranar da baucan zai mutu, ko ranar saye ce ko ta tafiya, ko zai iya saya wa wani da shi, ko ragowar kuɗin tana zama, ko yana biyan haraji, da kuma ko yana aiki a jiragen ƙawance. Dokar Amurka ta wajabta wa kamfani ya bayyana manyan sharuɗɗan kafin mutum ya saki kujerarsa, don haka tambayar ba rashin kunya ba ce. Ya nemi amsoshin a rubuce, ya tabbata sabon katin shiga jirgi mai lambar kujera yana hannunsa ba alkawarin jiran gurbi ba, ya kuma tambayi inda jakarsa take, domin sau da yawa ta riga ta shiga jirgin da shi ya bari.