Tausar rage kumburi a Jamus: ta asibiti da ta gidan kwalliya

Yaya, kin tambaye ni tausar nan da ake ta tallatawa a Instagram, wai tana wanke jiki tana rage teɓa. A nan Jamus, inda ake kiran ta Lymphdrainage, iri biyu ce, kuma sunan kawai suka haɗa.

Ta asibiti likita ne ke rubuta ta, na minti 30 ko 45 ko 60, inshorar lafiya ta biya. Majinyaci ya ba da kashi 10 cikin 100 da Yuro 10 a kan takardar. Da yawa daga masu zuwa matan da aka yi wa tiyatar kansar nono ne, aka cire musu kaluluwar hammata, ruwan jiki (lymph) da ya kamata ya bi ta nan ya rasa hanya, hannu ya kumbura har zobe ya ƙi fita. Wani ɗan ƙasar Denmak, Emil Vodder, da matarsa Estrid suka fito da salon, suka nuna shi a Faris a 1936.

Na raka wata maƙwabciyata, abin ya ba ni mamaki. Ba matsa ba ce irin wadda muka sani, mai sa mutum nishi. Ma'aikaciyar ba ta ma fara da hannun da ya kumbura ba. Daga wuya ta soma, a gindin ƙashin kafaɗa inda ruwan ke komawa cikin jini, tana jan fata a hankali kamar mai shafa kan jariri, sannan ta gangaro. Da ta gama ta naɗe hannun da bandeji hawa-hawa, tun daga yatsu. Wannan naɗin shi ne ƙashin bayan aikin. In babu shi, ko safar matsi, ruwan dawowa yake yi.

Ta gidan kwalliya kuwa daga aljihunki za ki biya, ga turare ga kiɗa mai sanyi. Za ki fito jiki sakayau, fuska ta ɗan saɓe, amma kitse yana nan inda yake. Mai lafiya hanta da ƙoda sun ishe shi tace jini. Abin da ke ci mini rai shi ne wasu ba sa ko tambayar ciwon da kike da shi, alhali mai raunin zuciya, da mai gudan jini a jijiyar ƙafa, da wanda fatarsa ta yi ja da zafi yana zazzaɓi, tausar na iya jefa su cikin hatsari.

Masu tundurmi kuma, wanda shi ma taruwar irin wannan ruwan ne a ƙafa, don Allah ki gaya musu kada su zauna jiran ƙwararre. Su wanke ƙafar da sabulu kullum, su tsane tsakanin yatsu, su ɗaga ta in sun kwanta, su riƙa motsa ta, su sa takalmi. Ciwo ya ɓulla ko zazzaɓi ya taso, asibiti ranar nan.